Tuƙin Keken Tsere a Tsaunukan Filato: Shirin Giya, Birki da Ratsa Ƙauyuka

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma duk inda ka nufa daga cikinta sai ka yi hawa da gangara. Masu keke sun fi bin hanyar da ta fita ta Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a. A nan ta rabu biyu: ɗaya ta bi Barikin Ladi, Mangu da Panyam har Pankshin, tafiyar da ta haura kilomita 100, ɗayar kuma ta bi Riyom ta sauka Hawan Kibo wajen ruwan Assop. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Kano ko Maiduguri, ko da yana da ƙarfin ƙafa, sai ya sake wa kekensa shiri kafin ya zo nan.

A fara da giya. Farantan gaba biyu masu haƙora 50 da 34, na baya kuma masu haƙora daga 11 zuwa 32 ko 34, su ne daidai. Ga dalili: a kan 34 a gaba da 32 a baya, juyin feda ɗaya yana kai ka mita 2.2, don haka juyi 70 a minti zai ba ka kusan kilomita 9 a awa, gudun da ya ishi hawa mai tsauri. Idan kuwa mafi sauƙin giyarka 39 ce da 25, a wannan gudun juyinka zai faɗi ƙasa da 50, kowane taku ya zama turi, gwiwa ta ɗauki nauyin duka. Shi ya sa za ka ga mai ƙarfi ya kai Mangu garau, amma kafin Pankshin cinyarsa ta ɗaure.

Ka sauya giya tun kafin hawan ya kama ka, kana sassauta taku a daidai lokacin da sarƙa ke tsallakawa. Sauyawa kana danne feda da ƙarfi ita ke tsinka sarƙa ko lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya. Kashi ɗaya cikin uku na farkon hawa ka bi shi da numfashin da za ka iya magana a cikinsa. Zauna a sirdi, hannu a saman kan keke, ƙirji a buɗe. In za ka miƙe tsaye, ƙara nauyin giya da ɗaya ko biyu, kada ka wuce daƙiƙa 20 zuwa 30. Tudun Filato yana da yaudara: sai ka ga kamar ka kai ƙarshe, kana leƙawa ka tarar da wani a gaba.

Gangara ce wurin da ake rasa rai, kuma ita ta fi cancantar a daɗe a kanta. Kafin ka fara sauka Hawan Kibo ka tsaya a sama, ka matsa birki biyun, ka duba takalmin birki bai cinye ba, ka tabbatar ƙafafun keken a ɗaure suke tam. Riƙe ƙasan kan keke, yatsu biyu a kan birki, ka ɗan ja jikinka baya. Kada ka riƙe birki a matse tun daga sama har ƙasa. A keke mai birkin rim, wato wanda ke matse da'irar ƙarfen da taya ke zaune a kai, gogayyar tana zafafa rim har iskar tub ta kumbura taya ta fashe. A mai birkin faifai kuma zafin yana sa birkin ya daina kamawa sosai. Abin yi shi ne ka matsa da ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku, ka saki ya sha iska, ka sake. Birkin gaba ne ya fi tsayar da keke. Na baya idan ya yi yawa taya za ta ja ƙasa ta zame. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, fedar da ke ɓangaren wajen kwanar a ƙasa da nauyinka a kanta, idonka a kan mafitar kwanar. A wannan hanya tireloli da tankokin mai suna sauka da birki mai zafi, wasu ma ya ƙwace musu. In ka ji ƙugin babbar mota a bayanka, nemi wuri ka kauce ka tsaya ta wuce, kada ka yi tsere da ita.

Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi siririya dacewa da ramuka da gargadar hanyar. Mai nauyin kilo 70 zai iya ba wa ta milimita 28 iska kusan psi 70 (psi ma'aunin matsin iska ne), ta 32 kuma 55 zuwa 60. Iska ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle a kwana. Ta yi kaɗan, bakin rami ya tsunkuli tub ya bar huda biyu a jere.

Kayan gyara kuwa a jikinka suke, don mai gyaran keke na ƙauye kayan keken gida yake da su, tub ɗinsa ba zai shiga tayar keken tsere mai lamba 700c ba. Ɗauki tub biyu, kayan faci, ƙaramin famfo, makullan alan, mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyarka, da ɗan ƙarfen giyar baya guda na ajiya. Kada ka manta ɗan bututun da ke haɗa siririn bawul ɗinka da injin mai faci, wanda bakinsa na bawul ɗin mota ne.

Da ka hango rufin gidaje ka rage gudu zuwa kilomita 20 ko ƙasa. Akwai tudun rage gudu da mutanen gari ke yi ba fenti ba alama, ga awaki, ga yara masu fitowa da gudu su tarbi keke, ga ɗan acaɓa mai juyawa ba tare da ya waiga ba. Da kaka ana shanya masara a gefen kwalta, taya kuwa in ta hau ƙwayar masara sai ta sulale. Kekenka ba ya ƙara, don haka ka ɗaga murya ka yi sallama tun daga nesa. In garke na tsallakawa ka tsaya cak har makiyayi ya gama. Ranar Juma'a kasuwar Mangu ke ci, titin yana cushewa da motocin hatsi. Tun daren da ya gabaci tafiyar ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro, ku fita ku uku ko fiye, ku sassauta a kowane shingen jami'ai, kuma ku tsara komawa kafin la'asar.

Sanyin Filato yana ɓoye ƙishirwa. Sha rabin lita zuwa mililita 750 a awa, gora ɗaya da ɗan gishiri da sukari, ka kuma fara cin abu tun awa ta farko: ayaba ɗaya da dabino huɗu ko biyar a kowace awa. A Disamba da Janairu ka fita da rigar tare iska da safar hannu, don yatsun da suka sandare ba sa jan birki da kyau, sannan ka sa wa sarƙa mai marar danƙo saboda ƙurar hunturu. Da damina ruwan ya fi sauka da rana ko yamma, yana kuma kwaso yashi da tsakuwa ya zube su a gindin kwana, daidai inda tayarka za ta bi. Washegarin ruwa ka shiga kowace kwana da rabin gudun da ka saba.