Yadda Ake Binciken Ciwon Damuwa Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Ɗalibin digiri na biyu a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, ko ƙaramin malamin da ke neman takardun ƙarin girma, batun da ya fi kusa da hannunsa shi ne lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Ga su nan birjik a ɗakin lacca, ba sai an yi tafiya ba. Wannan sauƙin ne kuma yake lalata aikin: a raba takarda a aji biyu ko uku, a haɗa maki, a ce kashi kaza suna da ciwon damuwa, sannan a watse ba wanda ya waiwayi yaron da ya rubuta cewa yana tunanin mutuwa.

Fara da taƙaita tambayarka. "Lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai" fage ne, ya fi ƙarfin kundi guda. Tambaya irin wadda ake iya amsawa ita ce: ɗalibai nawa ne a jami'a kaza suke da alamun ciwon damuwa a tsakiyar zangon karatu, kuma mene ne alaƙar hakan da matsin kuɗi, da wurin kwana, da faɗuwa jarrabawa?

Kada ka ƙirƙiri tambayoyin auna ciwon da kanka. Akwai PHQ-9, mai tambaya 9 kan makonni biyun da suka wuce. Kowace amsa tana ɗaukar maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Maki 5 alamu ne masu sauƙi, 10 matsakaita, 15 sun fara tsanani, 20 zuwa sama masu tsanani, kuma yawancin masu bincike a 10 suke ja layi. Kyauta ne, an kuma taɓa gwada ingancinsa a kan ɗaliban jami'a a Najeriya: Adewuya da abokan aikinsa sun buga wannan aiki a 2006. Don auna fargaba akwai GAD-7, tambaya 7, jimilla 21. Idan DASS-21 ka zaɓa, wanda ke auna damuwa da fargaba da matsin rai a sassa uku, ka tuna ana ninka makin kowane sashe sau biyu kafin a gwada shi da ma'aunin asali. Mantuwar wannan kaɗai tana sa a fitar da alƙaluman da suka yi ƙasa da gaskiya. GHQ-12 kuwa, wani ma'aunin lafiyar ƙwaƙwalwa mai tambaya 12, yana da haƙƙin mallaka, sai da izini.

Idan za ka ba da takardar da Hausa, mutum biyu su fassara kowa daban, a daidaita, sannan na uku wanda bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci a gwada. Bayan nan ka zauna da ɗalibai kamar 20 ko 30 waɗanda ba za su shiga binciken ba, kowa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta a kowace tambaya.

Adadin mutane yana da lissafi. Idan ba ka da ƙiyasin da za ka dogara da shi, ka ɗauka rabin ɗaliban ne ke da alamun, da kuskuren kashi 5 cikin 100 da tabbacin kashi 95. Wannan yana ba da mutum 384. Amma tunda aji-aji za ka ɗauka, kuma 'yan aji ɗaya sukan yi kama da juna a wahalarsu, sai ka ninka da 1.5, ya zama 576. Ka yi tanadin kashi 10 da ba za su amsa ba, ka raba da 0.9, ka sami 640. Ka zaɓi tsangayoyi ta hanyar ƙuri'a, sannan sassa, sannan azuzuwa, kowace tsangaya gwargwadon yawan ɗalibanta kamar yadda yake a ofishin magatakarda. Jefa adireshin takardar a zauren WhatsApp yana da arha, sai dai waɗanda abin ya dama ko masu data ne za su amsa, kuma ba ka da hanyar sanin su wa suka yi shiru.

Lokaci ma yana canza sakamako. Uku daga tambayoyin PHQ-9 kan barci ne da gajiya da cin abinci. Ka raba shi a watan azumi, ɗalibar da ta tashi sahur ƙarfe huɗu ta wuce laccar takwas za ta ci maki a duk ukun alhali lafiyarta ƙalau. Haka makon jarrabawa, haka wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba. Ka nemi tsakiyar zango, ka ƙara tambaya ɗaya kan rashin lafiyar jiki a makonni biyun, ka kuma rubuta ranakun da ka tattara bayanai a cikin rahoto.

Inda ya kamata ka fi ɓata lokaci shi ne tambaya ta 9, wadda ke tambayar ko mutum ya yi tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. A cikin mutum 640, ka sa a ranka za a sami masu amsa ta da maki 1 ko fiye. Kafin ka buga takarda ko ɗaya, ka je ka zauna da sashen ba da shawara na jami'ar da asibitin makaranta, a amince a rubuce wa zai karɓi ɗalibi, a wace rana, a wace lamba. Ka san asibitin da za a tura mai tsanani: sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri, gwargwadon inda kake.

A nan akwai sarƙaƙiya. Idan ba suna a takarda, ɗalibi zai fi faɗin gaskiya, amma ba za ka iya gano shi ba. Mafita ita ce kowa da kowa ya karɓi ƙaramin kati mai lambar mai ba da shawara, don kada a gane wanda ke buƙata. Sannan a manna wata 'yar takarda mai lambar sirri iri ɗaya da ta babbar. Wanda yake so a kira shi ya sa lambar wayarsa, ya cire ta, ya jefa a akwati daban. Idan da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox kake aiki a waya, ana iya tsara shi ya fito da saƙon neman taimako da zarar an amsa tambayar da 1 ko fiye. Ko ta wace hanya, a duba tambaya ta 9 a ranar da aka tattara, kafin a kwanta. Tsoron ɗalibai yana da tushe, domin sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya daɗe da sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuka. Ka faɗa musu ƙarara su wa za su ga amsarsu.

Duk wannan tsari shi za ka kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar ko na asibitin koyarwa, wanda ke da rajista da NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, kuma ba a fara tattara bayanai sai takardar amincewa ta fito. Akwai 'yan shekarar farko masu shekara 16 ko 17. Ko dai ka nemi yardar iyayensu, ko ka bayyana cewa ka cire su. Kada malami ya raba wa ɗaliban da zai yi wa makin jarrabawa, domin ba mai iya ce masa a'a. Kada kuma wakilin aji ya tattara. Akwati mai kulle ake ajiyewa a bakin ƙofa, kowa ya ninke ya jefa da hannunsa.

Wajen nazari, manhajar lissafi ta SPSS, ko jamovi wanda shi kyauta ne, sun wadatar. Ka yanke tun farko yadda za ka yi da takardar da aka tsallake wasu tambayoyi a cikinta. Ka fitar da ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, ana son 0.70 zuwa sama. Idan ka zo rubutu, ka ce "alamun ciwon damuwa", domin PHQ-9 tacewa yake yi. Tabbatar da ciwo sai ƙwararre ya yi hira da mutum. Binciken da aka yi a lokaci guda kuma alaƙa kawai yake nunawa. Ko faɗuwa jarrabawa ce ta kawo damuwar, ko damuwar ce ta kawo faɗuwar, alƙalumanka ba za su raba wannan gardama ba.

Ka bi STROBE, jerin ƙa'idojin rubuta rahoton irin wannan bincike mai abu 22, wajen tsara maƙala. Malamin jami'ar gwamnati yana iya neman tallafin bincike na TETFund ta ofishin da ke jami'arsa. Mujallar da ta aiko maka wasiƙa tana alƙawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya, ka guje ta. Kwamitin ƙarin girma yana iya watsar da takardar, kuma ba dama ka sake buga ta a wani wuri. Ka kai wa shugaban kula da harkokin ɗalibai taƙaitaccen rahoto na shafi biyu, amma kada ka rarraba sakamako har zuwa rukunin da bai kai mutum 10 ba. A sashen da mata uku ne kacal a ajin ƙarshe, teburin da ya nuna ɗaya tana da alamu masu tsanani ya riga ya tona ta.