Yadda ɗalibi zai ɗaga motar shiga daji da ɗan kuɗin da ke hannunsa

Ɗalibin da ya mallaki tsohuwar mota mai jan taya huɗu, irin su Suzuki Jimny ko Toyota Hilux ko Jeep Cherokee XJ, burinsa na farko shi ne ya ga motar ta yi tsayi ta zauna a kan manyan tayoyi. Sai dai kuɗin ɗalibi ba ya zuwa a dunƙule, don haka dole ne ya san abin da zai fara saya da abin da zai jinkirta. Shawarata ita ce a fara da lafiyar motar, a bi da tayoyi da kayan ceto na fitar da mota idan ta kafe, a bar ɗagawa ta zo daga ƙarshe, kuma kada ta wuce inci 2, wato kusan santimita 5.

Kafin a sayi komai, a ɗaga motar da jak, a kama taya ta sama da ƙasa a girgiza, sannan a kama ta dama da hagu a sake girgizawa. Idan akwai lilo ko ƙara, to boljoyin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta yayin kwana) ko tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) ko boris ya ci, kuma ɗaga mota a kan kayan da suka gaji yana gaggauta lalacewarsu ne kawai. A duba bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, da birki, a shiga ƙarƙashi a ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman inda sifirin yake zaune, domin ƙarfen da tsatsa ta cinye ba zai riƙe sabon kaya ba.

Akwai abin da masu fara wannan harka ba su cika lura da shi ba. A motar da take da miƙaƙƙen aksil, wato ƙarfe guda da ya haɗa tayar dama da ta hagu, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun giyar da ke tsakiyar aksil ɗin, kuma duk yadda aka ɗaga sifirin, wannan tulu yana nan inda yake. Taya ce kaɗai take ɗaga shi, ita ma da rabin abin da aka ƙara mata: wanda ya sauya taya mai tsayin inci 29 da mai inci 31 ya samu ƙarin inci 1 ne a ƙarƙashin aksil. Amfanin ɗagawa shi ne ta buɗe wa babbar taya wuri, ta kuma nisanta ƙarƙashin motar da bamba daga duwatsu da tudu.

Hanyoyin ɗagawa uku ne. Ana iya sa tubalan roba mai tauri tsakanin bodi da shasi, amma wannan sai a motar da bodinta yake zaune a kan shasi daban, kamar Hilux. Cherokee XJ, wadda aka ƙera daga 1984 zuwa 2001, bodinta da shasinta a haɗe suke, don haka ba ta karɓar wannan aiki. Ana kuma iya sa zobe mai kauri a saman sifirin, kuma ita ce hanya mafi arha, sai dai ba ta gyara sifirin da ya riga ya kwanta. Ta uku ita ce a sauya sifirin da shok gaba ɗaya da masu ɗan tsawo. Idan motar ta tsufa kuma shok ɗinta yana yoyon mai, ita nake ganin ta fi dacewa, tunda dama sauya su ya zama dole, gara a biya sau ɗaya.

Dalilin tsayawa a inci 2 kuɗi ne tsagwaronsa. Da zarar an haura haka, sai wasu sassa su fara neman canji ɗaya bayan ɗaya: tiyon birki ya yi gajarta, shaf, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, ya karkace fiye da kima, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa. A motocin da kowace tayar gaba take motsi ita kaɗai, kamar Hilux na zamani da Pajero, karkacewar tana yaga robar da ke rufe gaɓar shaf, giris ya zube, yashi ya shiga, gaɓar ta fara ƙas-ƙas a kwana.

Wanda zai yi aikin da hannunsa don ya rage kuɗin bakanike, kada ya taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota a kan ƙasa mai tauri. Matse sifirin mai murɗe yana da haɗari ƙwarai, domin idan ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fuska, kuma wannan ɓangaren ya cancanci a kai wa mai na'urar matsewa. Notunan da suka ratsa bushin ba a ɗaure su tamau sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan an gama, a sake ɗaga motar har tayoyi su rataya, a tabbatar tiyon birki bai miƙe ya yi tauri ba, sannan a kai ta a yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, a kuma saita fitilun gaba.

Babbar taya tana da nata farashin. Tana rage ƙarfin tashi, tana ƙara shan mai, tana kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya: daga inci 31 zuwa 33 bambancin ya kai kashi 6 cikin ɗari, wato idan agogo ya nuna 100, motar tana gudun kusan 106. Mai sayen taya ta hannu ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta. Idan ya ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019, kuma tayar da ta haura shekara 6 ko gefenta ya tsattsage ba abar saye ba ce ko da zanenta bai cinye ba.

Kuɗin kayan ceto ya tafi kan ƙaramin famfon iska, da ma'aunin iska, da shebur, da igiyar jan mota mai ƙarfi. Rage iskar taya zuwa wajen psi 18 ko 20 a ma'aunin iska yayin tafiya cikin yashi yana shimfiɗa ta a ƙasa ya hana ta nutsewa, amma dole a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Kada a ɗaura igiyar ceto a ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota na jan tirela, domin yana iya ɓallewa ya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. A yi amfani da ƙugiyar da aka ɗaure a shasi don wannan aiki.

Motar da aka ɗaga nauyinta ya koma sama, saboda haka ta fi saurin kifewa a kwana da kan gangara, kuma kayan da aka jibga a rufinta suna ƙara matsalar. Dokar tsayin mota da girman taya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a bincika ta kafin a sayi kaya, a kuma sanar da kamfanin inshora duk sauyin da aka yi, domin yana iya ƙin biyan diyya idan aka yi haɗari da motar da aka sauya ba da saninsa ba.