Bashi Ya Koma Hannun Masu Karɓa a Amurka: Inda Mutanenmu Ke Ƙara Ɓata Kiredit Ɗinsu

A Amurka, idan mutum ya yi kamar wata shida bai biya katin bashi ba, banki yakan fid da rai, ya sayar da bashin da araha ga wani kamfani da ba shi da sana'a sai bin mutane bashi. Labarin kuma yana nan rubuce a wajen kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi: Equifax, Experian da TransUnion. Makin kiredit, wanda ake ƙirgawa daga 300 zuwa 850, sai ya rikito, ga shi mai gidan haya da dilan mota duk shi suke dubawa.

Abin da ya fi cutar da mutanenmu a nan kunya ce. An rene mu a kan cewa bashi nauyi ne har lahira, kuma gaskiya ne. Shi ya sa da an bugo waya, murya ta ce "ana bin ka dala dubu biyu, me za ka iya bayarwa yau?", sai bawan Allah ya karanto lambar katinsa ya ba da hamsin don a san shi ba macuci ba ne. Wannan hamsin ɗin tana iya zama masa masifa. Kowace jiha tana da wa'adin da za a iya kai mutum kotu a kan bashi, galibi shekara 3 zuwa 6, kuma a jihohi da yawa biyan ko dala ɗaya yana mayar da ƙidayar farko. New York ta toshe wannan ƙofa a 2022, amma ba ko'ina aka yi haka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba sai ka wanke kanka a gaban wanda ba ka taɓa gani ba. Ka ce masa ya aiko a rubuce. Dokar tarayya ta 1977 ta ba ka kwana 30 bayan takardarsu ta farko ka ƙalubalanci bashin da wasiƙa, su kuwa dole su dakata har sai sun kawo hujja. Bashin da aka sayar hannu biyu ko uku, ba abin mamaki ba ne a ga adadin ya kumbura, ko ma na wani mai irin sunanka ne.

Akwai kuma masu jefa kowace ambulan a kwandon shara. Sammacin kotu dai ba a yi masa haka. In ba ka amsa ba, alƙali zai yanke hukunci a bayan idonka, daga nan ana iya riƙa yankar har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage a albashinka bayan cire haraji, tun kafin ya iso hannunka.

Wasu sun ɗauka da sun biya, tabon zai goge. Ba ya gogewa. Yana zama shekara 7, ana ƙirgawa daga lokacin da ka fara fashin biya a wurin mai bashin asali, ba daga ranar da aka sayar ba. Ka shiga AnnualCreditReport.com, kyauta ne, ka duba wannan kwanan wata a rahoton kamfanonin nan uku masu ajiye tarihin bashi. In an matso da shi gaba, ka kai musu ƙorafi, suna da kwana 30 su bincika. Biyan yana da amfani duk da haka: sababbin ma'aunan makin kiredit irin su FICO 9 da VantageScore 4.0 ba sa lissafa wanda aka riga aka biya. Kafin ka saki kuɗi, nemi ragi, ka roƙi masu karɓar su cire bashin daga rahoton. Wasu sukan yarda, wasu su ƙi. Duk abin da aka daidaita a kai, ya zo a takarda tukuna, kada ka ba su damar shiga asusunka na banki. In an yafe maka dala 600 ko fiye, ka sa ran takardar haraji mai lamba 1099-C.

Bashin asibiti ya fi sauƙi: wanda aka biya an daina nuna shi tun 2022, wanda bai kai dala 500 ba tun 2023.

Masu tallar "gyaran kiredit cikin wata ɗaya" kuwa, doka ta hana su karɓar kuɗi kafin aiki, kuma ba abin da za su rubuta da kai ba za ka iya rubutawa ba.

Kuskuren ƙarshe na masu tuba ne, waɗanda suka yayyanka katunansu suka rantse ba su ba bashi. Maki ba ya tashi da zaman banza, sai an ga sabon tarihi. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 na makin FICO, yawan abin da ake bin ka kashi 30. Ka ajiye jinginar dala 200 ka karɓi katin da ake bayarwa a kanta, ka riƙa biyan kuɗin waya kaɗai da shi. Mai gudun riba ya sani, in ka biya duka kafin ranar wa'adi ba a ɗora maka ruwa. Batun sa hannu a yarjejeniyar kuma malamai sun saɓa, sai ka tambayi wanda ka amince da shi. Ka sa banki ya riƙa cire kuɗin da kansa kowane wata, domin jinkirin kwana 30 sau ɗaya shi ma shekara 7 yake yi a rahoto.