Darasi: Shin Motsin Yau da Kullum Yana Raunata Ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da nauyin kusan kilo 1.4, kuma taushinta kamar na awara ne kafin a soya ta. Ƙoƙon kai ne gidanta, tantani uku suna lulluɓe da ita, sannan tana zaune cikin wani ruwa garai-garai wanda bai kai cikin kofin shayi ba, wajen mililita 150. A sa awara a roba, a cika da ruwa, a rufe. In aka girgiza a hankali, lilo kawai za ta yi. In aka maka robar a bango, awarar za ta daki gefe ta fashe.

Don haka atishawa, tari, gudu, tsalle, daka da goyo a baya, ko tafiya a mota kan hanya mai gargada, duk ba sa yi wa lafiyayyar ƙwaƙwalwa komai. Ruwan nan da ƙarfin wuya suna shanye girgizar. Jarkar ruwa mai lita 25 a ka tana wahalar da wuya da baya, amma nauyinta ba ya isa ƙwaƙwalwa.

Abin da ke yin ɓarna shi ne kai ya tsaya farat ɗaya, ko ya juya da ƙarfi: faɗuwa daga babur, rikitowa daga bishiya, naushin dambe a haɓa. Ƙoƙon ya tsaya, ƙwaƙwalwa kuwa ta ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi. Ana iya samun wannan rauni ba tare da jini ya fito ko mutum ya suma ba. Gefen kai, tsakanin ido da kunne, ya fi haɗari, domin ƙashin wurin siriri ne kuma jijiyar jini na bi ta ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, mutum kan tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa ƙalau, bayan 'yan awoyi jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa.

Jarirai da tsofaffi lissafinsu daban ne. Kan jariri babba ne, wuyansa bai yi ƙwari ba. Jijjiga shi da ƙarfi don ya daina kuka, ko na daƙiƙa kaɗan ne, na iya jawo makanta, farfaɗiya ko mutuwa. In rai ya ɓaci, a kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci, a fita a sha iska. Shi kuwa tsoho ƙwaƙwalwarsa takan ɗan motse, jijiyoyin da ke tsakaninta da ƙoƙo su miƙe. Santsi a banɗaki ya isa ya sa jini ya riƙa tsattsafowa, sai bayan makonni a ga mantuwa da tangaɗi, a ce tsufa ne. Haɗarin ya ƙaru ga mai shan maganin tsinka jini.

Wanda ya bugu a ka, a sa masa ido awa 24 zuwa 48. A garzaya asibiti in ya yi ta amai, ciwon kai na ƙaruwa, barci ya yi nauyi har tada shi na wuya, magana ta sarƙe, ɓari ɗaya ya saki, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa, zai shaƙe. Kada kuma a ciccibe shi kansa na reto, domin wuya ma kan karye. Mutum ɗaya ya tallafe kan daidai da jiki. Don ciwon kai a ba da farasitamol, ban da asfirin, saboda yana ƙara zubar jini.

Mai babur da fasinjansa su sa hular kwano, a ɗaure igiyar yadda yatsu biyu kaɗai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a canza ta, ko da ba a ga tsaga ba, domin soson cikinta ya riga ya matse.