Kar ku yi saurin sayen teleskof

Jama'a masu son kallon sama, kafin ku zuba kuɗi a teleskof, wato babban madubin hangen taurari, ku fara aron madubin hangen nesa na hannu, mai 10x50 (wato mai ƙara girman abu sau 10, faɗin gilashinsa na gaba milimita 50) ya isa.

Ku nemi Jupita, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya rana, yana da haske sosai kuma ba ya ƙyaftawa kamar sauran taurari, don ya fi su kusa da mu nesa ba kusa ba.

Ku kafa gwiwar hannu kan katanga saboda rawar hannu ce ke ɓata komai, wallahi za ku ga ƴan ɗigo har huɗu a jere gefensa, watanninsa ne masu zagaya shi, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610.

Amma fa in hazon hunturu ya rufe Kaduna sai haƙuri. Zoben da ke kewaye da duniyar Satun kuma ba zai fito ba, shi kam sai teleskof.