Yadda ake yanke albashin manajan gona

Mai gonar da ke zaune a Kano ko Abuja, gonarsa kuma tana Saminaka ko Kadawa, dole ya damƙa ta a hannun wani. Tambayar da ta fi zuwa daga irin waɗannan masu gona ita ce, nawa ake biyan manaja a wata? Ba a amsa ta da adadi ɗaya, domin sunan manaja ya haɗa mutane iri-iri. Akwai wanda ke kula da eka goma da leburori uku, akwai wanda ke riƙe da makullin sito mai kayan miliyoyin naira, da tarakta, da ma'aikata talatin. Abin da ya kamata a fara aunawa shi ne darajar dukiyar da ke wucewa ta hannunsa, da yawan asarar da sakacinsa na mako ɗaya zai iya jawowa. Daga nan ake gina albashi.

A fara daga ƙasa

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, bayan ya zauna a 30,000 daga 2019. Dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma aikin lokaci-lokaci irin na noma, don haka yawancin gonaki ba su shiga ƙarƙashinta ba. Duk da haka wannan adadi yana da amfani a matsayin ma'auni, domin shi ne abin da manajan zai kwatanta kansa da shi idan ya ga abokinsa na makaranta yana aiki a ƙaramar hukuma.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗin ƙodago a yankin da gonar take. A tambaya nawa lebura ke samu a wuni, a ninka da kwana 26. Idan abin da ka yanka wa manaja bai wuce wannan da nisa ba, ka ɗauki shugaban leburori ne kawai, kuma aikin shugaban leburori za ka samu.

Shawararmu ita ce a yi lissafi da ninki. Ƙaramar gona, wadda mai ita ke zuwa duk mako kuma shi ke sayen kaya da kansa, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na mafi ƙarancin albashi ya yi daidai, wato kusan 105,000 zuwa 140,000. Matsakaiciyar gona da manaja ke ɗaukar leburori, yana biyansu, yana riƙe sito da littafin lissafi, kada a sauko ƙasa da ninki uku zuwa huɗu. Gonakin kamfani masu ɗaruruwan hekta ko dubban kaji suna da matakan albashi nasu, kuma wanda ke son janye manaja daga can sai ya tambayi abin da yake ɗauka ya ɗora a kai.

Abin da ke ɗaga albashi ko ya sauke shi

Irin noman shi ne kan gaba. Masara da dawa da waken suya na damina suna ba da sarari, idan an makara da kwana biyu wajen noman biyu ba za a rasa gona ba. Kiwon kaji bai san wannan sassauci ba. Ruwan sha ya yanke na wasu awoyi a zafin Afrilu, ƙwai ya ragu na kwanaki. Allurar rigakafi ta wuce lokacinta, cuta ta share ɗaki. Noman rani na tumatir da albasa da barkono yana tsakiya, amma ya fi kusa da kaji, saboda ban ruwa da feshi ba sa jira. Waɗanda suka noma tumatir a Kano da Kaduna a 2016 sun ga yadda tsutsar sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Manajan da zai gane irin wannan a ganyen farko ya cancanci kuɗi fiye da wanda sai fili ya ƙone zai kira waya.

Mu ɗauki gidan kaji masu ƙwai 5,000. Kaza ɗaya tana cin kimanin giram 115 a rana, wato kilo 575 gaba ɗaya, buhu 23 mai kilo 25. A wata buhu 690 ke nan. Idan buhu ɗaya kacal yana sulalewa kowace rana, ko ta hanyar zubewa a ƙasa, ko ɓera, ko hannu, an rasa buhu 30 a wata. A ce buhu naira 15,000 ne, asarar ta kai 450,000. Ta ɓangaren ƙwai, idan kajin suna yin kashi 80 cikin 100, ƙwai 4,000 ake kwashewa a rana, kiret 133. Ya sauka zuwa kashi 75 saboda rashin haske ko ruwa mai zafi, an rasa ƙwai 250 a rana, kiret 250 a wata. Duk wanda ya zauna ya yi wannan lissafi zai daina jayayya a kan naira 50,000 tsakanin ƙwararren manaja da ɗan koyo. Araha ba ta ado.

Sai nisa da tsaro. Gonar da ke bakin titi kusa da gari, inda manaja zai kwana a gidansa, 'ya'yansa su je makaranta, ba ɗaya take da wadda ke cikin daji ba. A yankunan da ake fama da 'yan bindiga, irin su Birnin Gwari da sassan Zamfara da Katsina, mutumin da ke kwana a gona yana saka ransa ne a haɗari. Ƙarin kuɗi a nan haƙƙi ne, kuma tare da shi a ba manaja ikon janye ma'aikata idan ya ji ƙishin-ƙishin, ba sai ya jira izini daga birni ba.

Takardar makaranta tana da nata tasiri, amma masu gona suna yawan ba ta nauyin da ya wuce kima, ko su raina ta gaba ɗaya. Wanda ya yi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, ko difloma a Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, ko ta Audu Bako da ke Dambatta, ko ta lafiyar dabbobi da ke Vom, ya san lissafin taki da magani, ya iya rubuta rahoto. Wanda ya shekara goma sha biyar a fadama ya san ƙasa, ya san mutane, ya san leburan da zai gudu ranar kasuwa. Hanyar gwada su ɗaya ce: a kai mutum gonar a yi masa tambayar aiki. Hekta ɗaya ta masara buhu nawa na takin NPK 15-15-15 take buƙata, kuma yaushe ake sa yuriya? Wanda ya san aiki zai ce buhu takwas a farko, sai yuriya buhu biyu zuwa uku bayan mako huɗu zuwa shida da shuka, sannan ya ƙara da cewa sai ya ga ƙasar tukuna. Wanda ya haɗa takarda da shekaru biyar na aikin hannu shi ne mai tsada, kuma shi ne kamfanoni ke farauta.

A raba biyan kashi uku

Kashi na farko tsayayyen albashi ne, a rana sananniya, ko gona ta yi kyau ko ba ta yi ba. A biya ta banki domin a sami shaida. Jinkirin albashi shi ne babbar ƙofar ɓarna a gona: mutum yana riƙe da buhunan taki, iyalinsa ba su da cefane, mai gona kuma ya ce a yi haƙuri sai an sayar da kaya. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a gona saɓa wa wannan yana da farashi da ake gani a sito.

Kashi na biyu shi ne abin da ba kuɗi ba: ɗaki, babur da mansa, katin waya, hatsi, kuɗin magani. A rubuta kowanne da ƙimarsa. Babur na gona ne, gyaransa a kan gona, kuma a ƙayyade litar mai a mako maimakon naira, tunda farashin mai bai zauna wuri ɗaya ba tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Abubuwa biyu ne muke hana masu gona yi. Kada a yanka wa manaja fili a cikin gonar ya noma nasa, domin takin gona da leburorin gona za su riƙa bi ta can ko da bai yi niyya ba, kuma ranar da ruwa ya sauka gonarsa zai fara shukawa. A ba shi buhunan hatsi a kaka a madadin filin. Haka kuma kada a bar shi ya kiwata kajinsa ko talo-talo a harabar gidan kaji. Ban da maganar abinci, ta nan cuta ke shiga.

Kashi na uku shi ne ladan ƙwazo, kuma nan aka fi samun rikici. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce wa manaja zai sami kaso daga riba. Riba tana hannun mai gona: shi ya san nawa ya sayi taki, shi zai zaɓi ko ya sayar a kaka ko ya ajiye zuwa bazara, shi ke cire kuɗin motarsa. Manaja ba ya ganin littafin, don haka duk abin da aka ba shi zai ji an rage masa. A ɗora ladan a kan abin da yake hannunsa, wanda su biyun za su iya ƙirgawa.

A gonar masara mai hekta 20, a duba abin da ta saba bayarwa a shekaru biyu ko uku da suka wuce. A ce buhu 30 ne a hekta, jimilla 600. A amince cewa duk abin da ya haura 600, manaja yana da ɗaya cikin goma. Idan aka sami 760, rarar 160 ce, nasa buhu 16. Amma a ƙayyade yawan taki da kuɗin aiki tun farko, in ba haka ba zai zuba taki fiye da kima don ya ɗaga amfani, kai kuma ka biya. A yi awo a gaban su biyun a wurin sussuka, da sikeli, domin buhu ya bambanta daga hannu zuwa hannu.

A kaji masu ƙwai, ma'aunin da ya fi wuyar maguɗi shi ne kiret nawa ake samu daga kowane buhun abinci. A misalinmu na sama, kiret 133 daga buhu 23, kusan shida ke nan a buhu. Wannan adadi ɗaya yana kama satar abinci, yana kama satar ƙwai, yana kuma tona kajin da suka daina yi ana ci gaba da ciyar da su. Idan aka ɗora lada a kan ƙarancin mutuwa kaɗai, za a riƙa ɓoye mushe, sai ranar sayar da tsofaffin kaji a ga lissafi bai cika ba. A ƙirga kaji duk wata. A kajin nama kuwa, a haɗa nauyi a mako na shida da mutuwar da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Wasu suna son tsarin noma mu raba tsantsa, ba albashi sai kaso daga amfani. Malaman fiƙihu suna da sharuɗɗa a kan ɗaukar mutum aiki da ladan da ba a san adadinsa ba, musamman a mazhabar Malikiyya, saboda haka a nemi fatawa kafin a ƙulla. Ta fuskar aiki ma, mutumin da zai jira wata shida bai ga kuɗi ba zai nemi abin ci ta wata hanya.

Rani, hauhawar farashi da takarda

Gonar damina tana aiki daga Yuni zuwa Nuwamba, sai mai gona ya ga kamar biyan albashi a rani asara ce. Idan ka sallami manajan kirki a Disamba, ba lallai ka same shi a Mayu ba. A biya shi wata 12, a ba shi aikin rani a rubuce: tsaron sito da maganin ƙwari, kai takin gargajiya, gyaran injuna, sayen iri da taki kafin su yi tsada. Idan ƙarfi bai kai ba, a yi cikakken albashi wata bakwai, rabi a sauran biyar, amma a faɗa masa tun ranar ɗauka.

Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS. A irin wannan yanayi albashin da aka yanka a Janairu ya zaizaye kafin kaka. A sa a yarjejeniya cewa za a zauna a duba shi duk wata shida, ko a mayar da wani ɓangare zuwa hatsi, misali buhun masara ɗaya duk wata biyu, wanda ƙimarsa ke tafiya da kasuwa.

Yarjejeniya a rubuce ta fi muhimmanci ga manaja fiye da lebura. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta cire masu aikin gudanarwa daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, don haka abin da aka rubuta tsakaninku shi ne abin da kotu za ta duba. A sa albashi da ranar biya, yadda ake lissafin ladan ƙwazo, hutu, wa'adin sallama na wata ɗaya daga kowane ɓangare, da iyakar kuɗin da zai kashe ba tare da ya tambaya ba. A haɗa da jerin kayan da aka damƙa masa, daga injin ban ruwa har fartanya, da sa hannun mai tsaya masa. Idan ma'aikatan gonar sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanku: mai gona ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda haɗarin aiki.

Wannan takarda ta fi zama dole idan manajan ɗan'uwa ne. Ana kai ƙane ko ɗan yaya gona a ce ai na gida ne, ba a yanka masa komai ba, sai ɗan abin da aka miƙa masa in an zo. Shi yana ganin yana da haƙƙi a gonar, kai kana ganin taimakonsa kake yi, kuma ba ka iya tambayarsa lissafi ba tare da magana ta kai gaban iyaye ba. A yanka masa albashi kamar bare, a gaban babba ɗaya daga cikin dangi, a rubuta.

Shi kuma mai neman aikin, kada ya faɗi kuɗi kafin ya zagaya gonar. Ya tambayi yawan ma'aikata, wa ke sayen kaya, nawa aka samu bara, me ya sa wanda ya riga shi ya tafi, kuma ko ana bin gonar bashin albashi. Ya zo da littafin aikinsa na baya, mai nuna buhu nawa ya samu a hekta ko kiret nawa a buhun abinci, da lambar wayar mai gonar da zai shaide shi. Idan tsayayyen albashin da aka yi tayi bai kai abin da yake so ba, ya nemi a ƙara masa a ladan ƙwazo, a kuma rubuta ranar da za a sake zama bayan wata uku na gwaji.