Yadda ake jure wa illolin maganin ciwon damuwa a makonnin farko

Abin da ke sa mutane da yawa su watsar da maganin ciwon damuwa tun bai yi musu amfani ba shi ne illolinsa ne ke fara isowa, amfaninsa kuwa sai daga baya. Mutum zai sha ƙwaya yau, gobe ya wayi gari da tashin zuciya da nauyin kai, alhali baƙin cikin da ya kai shi wurin likita yana nan daram. Sauƙin da ake nema ba ya fara bayyana sai bayan mako 2 zuwa 4, cikakken aikin maganin kuma kan kai mako 6 zuwa 8, yayin da yawancin illolin farko kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai yanke hukunci a rana ta biyar cewa maganin bai karɓe shi ba, a daidai lokacin da jikinsa ya fara sabawa da shi.

Mataki na farko: ka san abin da aka ba ka

Kada ka bar gaban likita sai ka san sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, da yawan miligiram ɗinsa, da lokacin shansa, domin kowane rukuni da irin illarsa. Fluoxetine da sertraline da escitalopram sun fi taɓa ciki da barci da sha'awar jima'i. Amitriptyline, wanda ya girme su, ya fi kawo bushewar baki da taurin bayan gida da jiri. Mirtazapine kuwa barci yake sa mutum, ya kuma buɗe masa ciki.

A wannan zaman ne kuma ya kamata ka faɗi duk abin da kake sha, har da wanda ka saya da kanka da na gargajiya. Tramadol, da maganin tari mai ɗauke da dextromethorphan, da tsiron nan da ake sayarwa da sunan St John's wort, duk suna iya haɗuwa da waɗannan magunguna su jawo matsala babba. Ibuprofen da diclofenac da aspirin da warfarin kuma suna ƙara haɗarin zubar jini, musamman a cikin ciki. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu ko mai shayarwa, da wanda ya taɓa yin kwanaki cikin zumuɗi marar dalili ba ya barci kuma ba ya gajiya, kowannensu ya faɗa tun kafin a rubuta takardar magani.

Mataki na biyu: ka buɗe ɗan littafi

Kowace rana ka rubuta layi uku: ƙarfe nawa ka sha maganin, me ka ji a jikinka, awa nawa ka yi barci. Ciwon damuwa yana ɓata tunanin abin da ya wuce, har mutum ya riƙa ganin kwanakinsa duk iri ɗaya ne, kuma shi kansa ciwon yana kawo kasala da rashin barci da rashin cin abinci, waɗanda ake iya ɗora wa magani laifinsu. Idan ka duba littafin ka ga tashin zuciyar da ke kai ka har la'asar a rana ta uku ya koma na awa ɗaya a rana ta tara, ka samu hujjar da za ta ƙarfafa maka gwiwa, likita ma ya samu abin dogaro wajen gyara maka magani.

Mataki na uku: ka bi kowace illa da dabararta

Tashin zuciya shi ne kan gaba, kuma dalilinsa a fili yake. Yawancin waɗannan magunguna suna aiki ne a kan sirotonin, wani sinadari mai isar da saƙo tsakanin jijiyoyin jiki da ƙwaƙwalwa, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, shi ya sa ciki ke fara jin zuwan maganin kafin ƙwaƙwalwa ta amfana. Ka sha ƙwayar a tsakiyar cin abinci ko da ka gama, ka rage yawan abin da kake ci a zama ɗaya ka ƙara yawan lokutan ci, ka kuma kauce wa abinci mai maiƙo da yaji a kwanakin farko. Idan zawo ya biyo baya, wanda an fi ganinsa ga masu shan sertraline, ka yawaita shan ruwa.

Matsalar barci sau da yawa sauya lokacin shan magani kawai take buƙata. Wanda fluoxetine ke hana shi runtsawa ya mayar da shi safiya, ya kuma daina shan shayi mai ƙarfi ko gahawa daga tsakar rana. Wanda mirtazapine ko amitriptyline ke sa shi gyangyaɗi ya sha da daddare dab da kwanciya. Sai dai a yi wannan sauyi da sanin likita ko mai haɗa magunguna, kuma kada a yi tuƙi ko aiki da injin da zai iya raunata mutum har sai an san yadda maganin ke yi wa jiki. Barasa tana ninka wannan gyangyaɗi, tana kuma dagula ciwon damuwar kansa.

Jiri ya fi kama mutum a lokacin miƙewa, saboda jini kan sauka na ɗan lokaci. Idan ka farka da safe, ka zauna a bakin gado ƙafafunka a ƙasa, ka ƙirga zuwa talatin, sannan ka dafa wani abu ka miƙe a hankali. Ga tsofaffi wannan ɗan jinkiri yana iya zama abin da zai hana faɗuwa da karaya. Bushewar baki kuma ana rage ta da kurɓar ruwa a kai a kai da tauna cingam marar sukari, tare da kula da goge haƙora, domin ƙarancin yawu yana sa haƙora saurin ruɓewa. Taurin bayan gida yana sassautawa da ruwa da ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa da tafiyar ƙafa ta kullum.

Akwai wata illa da a ganina ba a cika gargaɗin mutane a kanta ba, alhali ita ta fi firgita su: a makon farko fargaba kan ƙaru, gaba ya riƙa faɗuwa, hannu ya riƙa rawa. Mutum ya zo neman kwanciyar hankali, sai ya ji hankalin ya ƙara tashi. Yawanci tana wucewa, kuma dalilin da ya sa likitoci kan fara da kaɗan su ƙara a hankali ke nan. Amma idan ta kai ka kasa zama wuri ɗaya, sai zirga-zirga kake yi kamar ana ingiza ƙafafunka, kada ka jira ranar komawa asibiti, ka nemi likita a ranar.

Mataki na huɗu: ka faɗi illolin da ba sa tafiya da kansu

Raguwar sha'awa, da jinkirin inzali ko rashinsa baki ɗaya, suna samun maza da mata, kuma sau da yawa ba sa gushewa muddin ana shan maganin. Kunya kan sa mutum ya yi shiru, sai ya daina shan magani a ɓoye, ciwon ya dawo, iyali su rasa gane abin da ya faru. Likita ya saba jin wannan ƙorafi, kuma yana da hanyoyi: ya rage yawan maganin, ko ya sauya shi da irin su mirtazapine ko bupropion waɗanda ba su cika taɓa wannan ɓangare ba. Yana da kyau miji ko mata su san cewa daga magani abin yake, kada zargi ya shiga tsakani. Haka nan ƙarin ƙiba, da jin zuciya ta dushe ba farin ciki ba baƙin ciki, duk abubuwa ne da ake gyarawa idan an faɗa.

Mataki na biyar: ka san alamun da ba a jira da su

A shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta sanya gargaɗi mafi tsanani a jikin waɗannan magunguna game da ƙaruwar tunanin kashe kai ga yara da matasa, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa masu shekara 18 zuwa 24. Haɗarin ya fi yawa a makonnin farko da lokacin da aka sauya yawan magani. Saboda haka ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka gaya masa ka fara magani, ka roƙe shi ya sa maka ido. Idan tunanin cutar da kai ya zo ko ya ƙaru, a tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, a kuma ba wani ya riƙe ƙwayoyin, musamman amitriptyline wanda shansa da yawa yana iya tsayar da zuciya.

A garzaya asibiti kuma idan aka ga zazzaɓi tare da gumi da karkarwa da fizgar jijiyoyi da ruɗewa, domin alamar sirotonin ya yi wa jiki yawa ce. Haka idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko aka yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko fitsari ya ƙi fita. Tsohon da ya fara ruɗewa da ciwon kai bayan fara magani yana buƙatar gwajin jini, saboda gishirin sodiyam na jininsa na iya yin ƙasa.

Mataki na shida: kada ka tsayar da magani rana ɗaya

Waɗannan magunguna ba sa sa maye, ba sa kuma sa mutum ya riƙa ƙishirwar ƙarin su, amma jiki yana sabawa da su, kuma yanke su farat ɗaya kan jawo jiri, da mugayen mafarkai, da ciwon jiki kamar na mura, da wani abu mai kama da fizgar lantarki a cikin kai. Paroxetine da venlafaxine sun fi yin haka saboda suna saurin fita daga jini, fluoxetine kuwa ya fi daɗewa a jiki, shi ya sa nasa ya fi sauƙi. Idan illa ta fi ƙarfinka, likita zai tsara maka ragewa daki-daki ko sauyawa zuwa wani, kuma rashin dacewa da magani na farko abu ne da ake yawan gani. Bayan an samu sauƙi ma ana ci gaba da sha na aƙalla wata 6 don kada ciwon ya dawo. Idan ka manta ba ka sha ba, ka sha da zarar ka tuna, sai fa idan lokacin na gaba ya kusa, a nan sai ka bar wanda ya wuce, kada ka haɗa biyu a lokaci ɗaya.